Alois Alzheimer: Likitan da ya gano cutar mantuwa a ƙwaƙwalwar wata mata

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da miliyan 55 ne ke fama da larurar gushewar tunani a duniya, wadda Bahaushe kan kira gigin tsufa, kuma kusan miliyan 10 ke kamuwa da ita duk shekara. Kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na waɗannan mutane cuta ɗaya ce ke damun su, wato cutar Alzheimer.

Sunan ya zama ruwan dare a asibitoci da kafafen yaɗa labarai, har wasu na zaton sunan wani gari ne ko wani sinadari. Sunan mutum ne. Likita ne Bajamushe da ya rasu a 1915 yana da shekara 51, kuma ya bar duniya bai san cewa cutar da ya bayyana za ta zama ɗaya daga cikin manyan matsalolin lafiya na duniya ba. Shi kansa a ganinsa wata cuta ce da ba kasafai ake samun ta ba.

Daga kunne zuwa ƙwaƙwalwa

An haifi Alois Alzheimer ranar 14 ga watan Yuni, 1864, a Marktbreit, wani ƙaramin gari da ke bakin kogin Main a yankin Bavariya. Mahaifinsa, Eduard, jami'i ne mai tabbatar da takardun shari'a. Ya yi sakandare a Aschaffenburg, sannan ya karanta likitanci a jami'o'in Berlin da Tübingen da Würzburg.

Kundin digirinsa na 1887 ba shi da alaƙa da ƙwaƙwalwa. A kan ƙullutun da ke samar da dattin kunne ya yi shi. Sai dai aikin ya sa shi zaman sa'o'i a gaban madubin likita, yana yanka nama siriri yana rina shi yana zana abin da ya gani. Wannan sana'ar ce ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Bayan ya kammala, ya yi wata biyar yana rakiyar wata mata mai taɓin hankali a tafiye-tafiyenta, kamar yadda masu hali na wancan zamani kan ɗauki likita na kansu. A watan Disamban 1888 ya samu aiki a asibitin masu taɓin hankali da farfaɗiya na birnin Frankfurt, yana da shekara 24.

Asibitin da aka kwance mari

Shugaban asibitin, Emil Sioli, sabon zuwa ne shi ma, kuma ya tarar da majinyata fiye da 200 ba tare da isassun likitoci ba. A yawancin irin waɗannan wurare a lokacin, ɗaure majinyaci da kulle shi a ɗaki shi kaɗai su ne magani. Sioli ya ɗauki wata hanya. Ya rage ɗauri iya yadda zai yiwu, ya koma ga doguwar jiƙa a ruwan ɗumi don kwantar da wanda ya fusata, da zama a yi hira da majinyaci a rubuta abin da ya faɗa.

A 1889 wani matashin likita mai suna Franz Nissl ya zo asibitin. Nissl ya riga ya ƙirƙiro wata hanyar rina ƙwayoyin jijiyoyin ƙwaƙwalwa domin su fito sarai a ƙarƙashin madubi, kuma har yau ana amfani da ita da sunansa. Shi da Alzheimer suka zama aminai. Da rana suna zagayen majinyata, da dare suna ɗakin gwaji suna duba ƙwaƙwalwar waɗanda suka mutu.

Abin da suke nema a bayyane yake. Idan hankalin mutum ya gushe, to akwai abin da ya lalace a cikin ƙwaƙwalwarsa, kuma ya kamata ido ya iya ganin ɓarnar. Yau wannan magana ba ta ba kowa mamaki. A wancan lokacin kuwa akwai manyan likitoci da ke ganin ɓata lokaci ne, domin shekaru da dama an yi ta yanka ƙwaƙwalwa ba a samu abin kirki ba.

Mafi yawan ƙarfinsa a waɗannan shekaru ya tafi ne a kan wata cuta dabam, wadda ke haɗa hauka da shanyewar jiki, kuma ta cika asibitocin Turai. Daga baya aka tabbatar cewa tunjere ne ke kai wa ƙwaƙwalwa hari bayan shekaru da kamuwa. Abokan aikinsa da wannan binciken suka fi sanin sa, kuma a kansa ya rubuta babban kundin da ya ba shi damar koyarwa a jami'a a 1904.

A 1894 ya auri Cecilie Geisenheimer, wadda mijinta na farko, wani attajiri, ya rasu ya bar mata dukiya. Sun haifi 'ya'ya uku: Gertrud da Hans da Maria. Auren bai yi tsawo ba, domin Cecilie ta rasu a watan Fabrairun 1901. 'Yar'uwarsa Elisabeth ce ta dawo gidan ta riƙe yaran, kuma bai sake aure ba. Dukiyar da matar ta bari ta yi tasiri a tarihin kimiyya fiye da yadda ake faɗa, domin ita ce ta ba shi damar yin aiki shekaru ba tare da albashi ba.

Matar ma'aikacin jirgin ƙasa

Wata tara bayan rasuwar matarsa, ranar 25 ga Nuwamban 1901, wani ma'aikacin ofishin jirgin ƙasa ya kawo matarsa asibitin. Sunanta Auguste Deter, shekarunta 51.

Mijin ya bayyana cewa abin ya fara ne da kishi marar dalili, tana zargin sa da wata maƙwabciya. Sai mantuwa ta biyo baya. Ta fara kuskure a girki, tana ɗaukar kayan gida tana ɓoyewa, tana ɓacewa a cikin gidanta, wani lokaci ta yi ta ihu tana cewa ana son kashe ta.

Washegari Alzheimer ya zauna da ita, ya rubuta tambayoyinsa da amsoshinta da hannunsa. Ya tambaye ta sunanta, ta faɗa daidai. Ya tambayi sunanta na iyali, ta sake maimaita sunanta na fari. Ya tambayi sunan mijinta, nan ma sunanta ta ba shi, tana shakka. Da aka kawo abincin rana, farin kabeji da nama, ya tambaye ta me take ci, ta ce alayyafo. Ya nuna mata fensir da maɓalli da sigari ta gane su duka, amma bayan ɗan lokaci ta manta an nuna mata wani abu.

Da ya ce ta rubuta cikakken sunanta, sai ta fara ta tsaya a tsakiya, ta manta sauran. A nan ne ta shaida masa cewa ji take kamar ta ɓace wa kanta.

Likitoci sun saba ganin tsofaffi 'yan shekara 70 ko 80 a wannan hali, kuma ba sa ɗaukar sa cuta, tsufa kawai suke cewa. Abin da ya tsaya wa Alzheimer a rai shi ne shekarun matar, da saurin lalacewar, da yadda magana da rubutu suka rushe tare da tunani. Ba ta da alamun tunjere, ba ta da shanyewar jiki.

Kuɗin asibitin ya yi wa mijin nauyi, ya nemi a mayar da ita wani wuri mai rahusa. Alzheimer ya sa baki aka bar ta a Frankfurt. Ba za a ce tausayi kaɗai ne dalili ba: yana son ya ci gaba da bin larurar, kuma yana son ya duba ƙwaƙwalwarta idan ta rasu.

Abin da madubi ya nuna

A 1903 Alzheimer ya bar Frankfurt ya bi Emil Kraepelin, babban masanin taɓin hankali na Jamus a lokacin, zuwa Heidelberg, daga nan zuwa Munich, inda aka buɗe sabon asibitin jami'a a 1904. Kraepelin ya damƙa masa ɗakin gwaji. Shekaru da dama yana aiki ba albashi, wani lokaci ma daga aljihunsa ake sayen kayan aiki.

Ɗakin ya zama makaranta. Matasan likitoci sun zo daga Italiya da Sifaniya da Amurka da sauran wurare. Cikinsu akwai Friedrich Lewy, wanda wani nau'in gushewar tunani ke ɗauke da sunansa yau, da Hans Creutzfeldt da Alfons Jakob, su ma masu cutar da ke amsa sunansu. Ɗalibansa sun riƙa ba da labarin yadda yake zagayawa daga tebur zuwa tebur da sigari a baki, ya ajiye shi ya leƙa madubin ɗalibi ya manta da shi, har a wayi gari kowane tebur da guntun sigarinsa.

Akwai ɗan Afirka a cikinsu. Solomon Carter Fuller, haifaffen Monrovia a Laberiya, jikan wani bawa da ya fanshi kansa a Amurka, ya yi aiki a ɗakin daga 1904 zuwa 1905. Bayan ya koma jihar Massachusetts, a 1912 ya wallafa nazari mai faɗi a kan cutar da Turanci, tare da fassara bayanin malaminsa daga Jamusanci. Ta hanyarsa likitocin Amurka da dama suka fara jin labarin.

Auguste Deter ta rasu ranar 8 ga Afrilun 1906, bayan shekara huɗu da wata huɗu a asibiti. A ƙarshe tana kwance a dunƙule, ba ta magana, kuma gyambon kwanciya ne ya sa guba ta shiga jininta. Sioli ya aika wa Alzheimer ƙwaƙwalwarta da takardunta zuwa Munich.

Ƙwaƙwalwar ta motse gaba ɗaya. Da ya yanka ta siriri ya rina da wani sabon rini na azurfa da Max Bielschowsky ya ƙirƙiro shekaru kaɗan kafin nan, sai ya ga abubuwa biyu. A tsakanin ƙwayoyin jijiyoyi akwai wasu ƙananan gudaji masu kama da ƙwayar gero, warwatse a ko'ina cikin ɓawon ƙwaƙwalwar. A cikin ƙwayoyin kansu kuma akwai wani abu kamar zaren da ya cukurkuɗe, ya yi kauri ya cika ƙwayar har ta mutu, ya rage zaren kaɗai a inda take. Ya ƙiyasta cewa tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙwayoyin wurin sun kamu.

Wasu sun taɓa ganin gudajin kafin shi. Zaren ne sabon abu, da kuma haɗa su biyun da tarihin majinyaciyar da ya san ta da ranta.

Taron da ba wanda ya yi tambaya

Ranar 3 ga Nuwamban 1906 ya gabatar da sakamakon a taron likitocin taɓin hankali na kudu maso yammacin Jamus karo na 37, a Tübingen. Da ya gama, shugaban zaman ya buɗe fagen tambaya, ba wanda ya ɗaga hannu. Hankalin mahalarta yana kan muhawarar da ake yi game da ra'ayoyin Sigmund Freud, masu danganta larurar tunani da abin da ya faru da mutum tun yana yaro. A 1907 aka buga bayanin nasa a wata mujalla, shafuka kaɗan, ba ko zane ɗaya.

Bai yi zuciya ba. Ya sa wani ɗalibinsa ɗan Italiya, Gaetano Perusini, ya tattara ƙarin misalai, shi kuma ya wallafa bayanin mutum huɗu, har da Auguste.

Ba shi ya raɗa wa cutar suna ba. Kraepelin ne, a bugu na takwas na littafinsa na koyar da ilimin taɓin hankali, wanda ya fito a 1910, ya kira ta cutar Alzheimer, ya ware ta a matsayin larurar da ke kama mutum kafin tsufa. Masana tarihi na ci gaba da muhawara kan dalilin gaggawar, domin misalan da aka sani a lokacin ba su taka kara sun karya ba. Wasu na ganin akwai gasa tsakanin Munich da makarantar birnin Prague.

A Prague ɗin akwai wanda tarihi bai yi wa adalci ba. Oskar Fischer, a shekarar 1907 ɗin, ya bayyana irin waɗannan gudaji a ƙwaƙwalwar tsofaffi 12 cikin 16 masu gigin tsufa, wato ya fi Alzheimer yawan misalai, kuma ya fi kusa da gane cewa matsalar ta tsofaffi ce. Bayahude ne, kuma ya mutu a 1942 a tsare a hannun 'yan Nazi a Theresienstadt. Sai a shekarun baya-bayan nan aka fara dawo da sunansa.

Alzheimer da kansa bai gamsu da rabon da maigidansa ya yi ba. A 1911 ya wallafa doguwar maƙala a kan wani lebura mai shekara 56 da aka sani da Johann F., wanda ƙwaƙwalwarsa ke cike da gudaji amma ba zaren. A ciki ya nuna shakku kan ko akwai bambanci na gaske tsakanin wannan cuta da gigin tsufa, ko kuwa abu ɗaya ne da ke zuwa wa wasu da wuri.

Breslau

A 1912 aka naɗa shi farfesa kuma shugaban asibitin taɓin hankali na jami'ar Breslau, birnin da yanzu ake kira Wrocław a ƙasar Poland. Matsayin da ya daɗe yana buri ke nan. A cikin jirgin ƙasa kan hanyar zuwa ya kamu da zazzaɓi mai tsanani wanda ya taɓa zuciyarsa, kuma bai sake samun cikakkiyar lafiya ba.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙara masa nauyi, an kwashe likitocinsa zuwa fagen daga, ga sojojin da suka ruɗe ana ta kawowa. Ya rasu ranar 19 ga Disamban 1915 sakamakon ciwon zuciya da gazawar ƙoda. Kwanaki kaɗan kafin nan Perusini ma ya mutu daga raunin da ya samu a yaƙin. An binne Alzheimer a babbar maƙabartar Frankfurt kusa da Cecilie. Waɗanda suka rubuta ta'aziyyarsa sun fi yabon aikinsa a kan cutar tunjere, da ƙyar suka ambaci wadda ke ɗauke da sunansa.

Shekara 50 na shiru

Rabon da Kraepelin ya yi ya jawo asara. Tunda an ce cutar ta masu ƙarancin shekaru ce, kuma ba su da yawa, sai aka bar ta a gefen littattafai. Miliyoyin tsofaffin da ke ruɗewa kuwa aka ci gaba da cewa tsufa ne ko taurin jijiyoyin jini.

A 1968 wasu masana uku a Newcastle ta Ingila, Garry Blessed da Bernard Tomlinson da Martin Roth, suka nuna cewa yawan gudajin da ke ƙwaƙwalwar tsoho yana tafiya da tsananin ruɗewarsa kafin ya mutu. A 1976 likitan Amurka Robert Katzman ya yi rubutun da ya sauya akalar lamarin, inda ya ce cutar Alzheimer da yawancin gigin tsufa abu ɗaya ne, don haka tana cikin manyan cututtukan da ke kashe mutane. Shakkun da Alzheimer ya nuna a 1911 ya tabbata bayan shekara 65.

Daga nan kuɗin bincike ya fara shigowa. A 1984 George Glenner da Caine Wong suka gano furotin da ke yin gudajin, wanda ake kira amyloid. A tsakiyar shekarun 1980 aka gano cewa zaren kuma wani furotin ne mai suna tau, wanda aikinsa riƙe tsarin cikin ƙwayar jijiya ne, amma idan ya lalace sai ya nannaɗe. A 1991 da 1995 aka gano ƙwayoyin gado da ke jawo nau'in cutar mai kama 'yan gida ɗaya tun suna da sauran ƙarfi, a 1993 kuma aka gano APOE4, wadda ke ƙara haɗarin kamuwa a tsufa ba tare da ta wajabta shi ba.

Wani dogon bincike da aka fara a 1992, wanda ya kwatanta tsofaffin Yarabawa a Ibadan da baƙar fatar Amurka a birnin Indianapolis, ya gano cewa cutar ta fi ƙaranci a Ibadan. Wannan ya ƙarfafa ra'ayin cewa abinci da hawan jini da yanayin rayuwa suna da hannu, ba gado kaɗai ba. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024, ciki har da hawan jini da ciwon suga da shan taba da raunin ji da ƙarancin ilimi da kaɗaici, ya ce magance su na iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na larurar.

Ɓangaren magani ne ya fi tafiyar hawainiya. Magungunan farko, irin su donepezil na 1996 da memantine, suna sassauta alamomi na ɗan lokaci ne kawai. An kashe biliyoyin daloli a gwaje-gwajen da suka faɗi. Sai a 2023 Amurka ta ba da cikakkiyar amincewa ga lecanemab, a 2024 kuma ga donanemab, waɗanda ke share gudajin amyloid daga ƙwaƙwalwa. A gwajin da aka yi wa mutum kusan 1,800, lecanemab ya rage saurin lalacewa da kashi 27 cikin 100 a wata 18. Ba ya warkarwa, ba ya dawo da abin da ya tafi, yana iya jawo kumburi ko ɗan zubar jini a ƙwaƙwalwa, kuma farashin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala 26,500 ne a shekara, alhali fiye da kashi 60 cikin 100 na masu larurar suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ne. Ganin cewa ana share gudajin amma cutar na ci gaba, masana da yawa sun ƙara mayar da hankali kan zaren tau.

Fayil ɗin da ya ɓace

Takardun Auguste Deter sun ɓace na kusan shekara 90. A watan Disamban 1995 Konrad Maurer da abokan aikinsa biyu suka gano su a ma'ajiyar asibitin jami'ar Frankfurt, cikin wani shuɗin fayil na kwali. A ciki akwai tambayoyi da amsoshi da rubutun hannun Alzheimer, da takardar da ta yi ƙoƙarin rubuta sunanta, da hotunanta.

A 1997 wata tawaga ƙarƙashin Manuel Graeber ta gano gilasan da ke ɗauke da yankakken naman ƙwaƙwalwarta a wani ɗakin ajiya a Munich, fiye da guda 250. Akwai masu zargin cewa wataƙila toshewar jijiyoyin jini ce ta same ta, likitan ya yi kuskure. Da aka sake duba gilasan da na'urorin zamani, an ga gudajin da zaren birjik kamar yadda ya bayyana a 1906, ba a ga alamar toshewar jini ba, kuma gwajin ƙwayoyin gado ya nuna ba ta ɗauke da APOE4.